Dariyar da Ulagu Ya Hana Kyamara

A Kodambakkam, unguwarmu ta 'yan fim a Madaras, ko mai sharar situdiyo ya san ba a barin gawa a kwance. Idan ɗan wasa ya mutu a fim, darakta zai ce "Kat," amma mai ɗaukar hoto ba zai tsayar da kyamara ba sai mamacin ya tashi zaune, ya dubi idonta, ya ƙyalƙyale da dariya. Wannan guntun ba ya shiga fim, ba kuma wanda ya taɓa sayen tikiti ya gan shi. Ana yi ne kawai don in mutuwa na leƙe, ta gane wasa ake yi. Manyan jarumai masu motoci uku suna yi, 'yan cike gurbi da ake sallama da ƙunshin shinkafa suna yi. Mutum ɗaya ne ya taɓa ƙi, kuma shi ne wanda dariya ta fi arha a bakinsa duk faɗin garin.

Sunansa Ulaganadan, amma Ulagu kowa ke ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana sana'ar barkwanci, fim ɗari huɗu da 'yan kai, babu ko ɗaya da aka rubuta dominsa. Shi ne abokin jarumi, mai kai wasiƙar soyayya a ba shi mari ya kawo a matsayin amsa. Shi ne kuku, shi ne ɗan sandan da ɓarawo ke sace wa hula, shi ne ango mai tumbi da amarya ke tserewa ta bari da furanni a wuya. Ya faɗa rijiya, ya faɗa kwata, ya faɗa tukunyar miya. Gajere ne, mai wushirya, da wata dariya da ke tasowa daga cibiya ta ƙare da shaƙuwa. Mutane kan fara darawa tun kafin ya buɗe baki. Har ranar da aka ƙona gawar mahaifiyarsa sai da wasu suka juya baya kafaɗunsu na rawa, don ko kukansa ma dariya yake ba su. Ya gan su, kuma abin bai taɓa barin ransa ba.

Mutuwa kam ya yi ta a fim sau goma sha ɗaya, amma duk ta shaƙiyanci: gawar da ke atishawa, gawar da ke miƙo hannu ta saci ayaba. Kowace kuma ya tashi ya yi wa kyamara dariyarta ba tare da an roƙe shi ba.

Sai ga Ilamaran, wani sabon darakta da ya fito daga makarantar koyon fim da gemu da jakar rataye, ya zo har gida ana tsakiyar zafi.

"Yaya Ulagu, so nake ka mutu."

"To. Da atishawa ko babu?"

"Mutuwar gaske. Za ka tare wa jarumi wuƙa. So nake mata su fito daga sinima suna jan hanci."

Ulagu ya ƙare masa kallo, yana jiran inda zolayar za ta ɓullo. "Yallaɓai, ka karya kumallo kuwa? Ni fa ko wuta ce ta kama ni, tafi mutane za su yi."

"Ai shi ya sa. Ba wanda zai zaci abin daga gare ka."

Da yaron ya tafi, Ulagu ya zauna da takardar a hannu yana karanta layukansa har kofinsa ya huce. Matarsa Sornam ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen sarinta. Shekara ashirin da takwas suna tare, su biyu rak, Ubangiji bai ba su haihuwa ba. Ta ji komai ta bayan labule, kamar yadda take jin komai.

"Ka ji," in ji ta, don matan gidansu ba sa kama sunan miji, "ka mutu yadda kake so, amma ka tashi."

"Sau nawa na tashi? Ke dai ki tanadi hankici."

Ranar Talata aka ɗauka, da hantsi, a bayan situdiyo, ƙarƙashin tsamiya inda kafintoci suka kafa bukka. Mai kyamarar Rozario ne, dattijo Kirista daga Santom, wanda ke cewa shi bai yarda da camfin 'yan fim ba, amma shekara arba'in bai taɓa kashe kyamara a kan gawa ba. Ilamaran irin yaran nan ne da ba sa son yanka fitowa gunduwa-gunduwa, don haka aka ɗauke ta a jere. Ulagu na kwance a tabarma, kansa a cinyar jarumi. Ya fara ba da wani labarin ban dariya don jarumi ya daina kuka, ya kai tsakiya, numfashi ya ƙi kai shi ƙarshe. Jarumi ya rufe masa ido. Wata tsohuwa ta zo ta ɗaure masa manyan yatsun ƙafa da farin ƙyalle, ta ɗora masa kwandalar rupi a goshi, ta rataya masa furanni ruwan ɗorawa.

Wurin ya yi tsit. Idon Ulagu a rufe, amma kunnensa a buɗe. Ya ji masu riƙe fitila suna jan majina. Ya ji jarumar, wadda ko fitowarta ba ce ba, tana shassheka a bayan laima. Har furodusa, mutumin da ba a taɓa ganin ruwa a idonsa ba sai na albasa, ya yi gyaran murya sau biyu. Ba wanda ya yi dariya. Wani daɗi ya ratsa Ulagu tun daga ƙafa har ka, irin wanda bai taɓa sani ba.

"Kat," in ji Ilamaran.

Kyamara ta ci gaba da gurnaninta. Rozario, idonsa a manne da ita, ya ce, "Tana tafiya, Ulagu. Tashi."

Ulagu bai motsa ba.

"Kai ɗan tumbi, tashi ka washe mana baki, fim na ƙonewa."

"Kashe ta, Rozario," in ji Ulagu, bai ko buɗe ido ba.

"Ba na kashewa. Tashi."

"Shekara talatin da ɗaya ina washe musu baki. Yau ɗaya tak ku bar ni da wannan shirun. In na yi dariya yanzu duk sai su bi ni, su manta sun yi kuka. Na rantse ba zan yi ba."

Ilamaran ya dafa kafaɗar dattijon. "Baba Rozario, ƙyale shi. Camfi ne kawai, kai ma ka sha faɗa."

Rozario ya daɗe kafin ya kai hannu ya kashe. Bayan ta yi shiru ne Ulagu ya tashi, ya kwance yatsunsa, ya karɓi gaisuwa hannu bibbiyu kamar wani babban jarumi. Washegari 'yan fim ɗin suka ɗunguma zuwa tsaunukan Uti ɗaukar waƙoƙi, na mako biyu. Shi kuwa aikinsa ya ƙare, tunda ya mutu. Da Sornam ta tambaye shi ko ya tashi, ya ce, "Ga ni a gabanki, ko kwance kika gan ni?"

Abin ya fara ne a wurin Nayar mai shayi. Shekara ashirin, duk safiya Ulagu na zama a bencin Nayar, shi kuma yana tarbarsa da tsiya: "Ga mai cin bashin mari ya iso!" Ran nan Nayar ya miƙa wa na damansa shayi, ya miƙa wa na hagunsa, ya koma yana wanke kofuna.

"Nayar, ni fa? Ko yau tumbina ya zama gilashi?"

Nayar ya zabura. "Af, Yaya Ulagu! Yaushe ka zo?"

"Rabin awa ina zaune a gaban hancinka."

Ba wanda ya dara a bencin. Nayar ya kawo shayin, ya ajiye a hankali da hannu biyu, yana magana ƙasa-ƙasa. A hanya ma 'yan makarantar da suka saba binsa suna kwaikwayon tafiyarsa suka wuce ta gefensa kamar turken fitila. Ulagu, da yake ɗan Adam ne, daɗi ya ji. Ya ɗauka labarin fitowar ne ya bazu, girma ya zo a ƙarshe.

Kwana biyar bayan haka aka kira shi ɗakin ɗaukar murya, ya sa wa wani fim na daban dariya. Aikin da yake yi ko daga barci aka tashe shi. Hoto ya fito a bango, ga shi yana faɗawa cikin kwandon tumatir. Ya buɗe baki, cikinsa ya motsa, kafaɗu suka yi rawa, amma iska ce kawai ta fito. Ya sake, ya kuma sakewa. Mai na'ura ya leƙo ta gilashi ya ce allurarsa ko motsi ba ta yi ba, ya tambaya ko mura ce. Ulagu ya ce mura ce. Ya fito rana tsaka, gari kamar tanda, amma tafin ƙafarsa sanyi ƙalau.

Abinci ma ya daina masa ɗanɗano. Sornam ta yi masa miyar tsamiya da kifi, wadda a da har ganyen ayabar yake lashewa, ya tauna ya ji kamar auduga. Ya ce mata ciki ne. Ita dai tana kallonsa, tana kuma yawan taɓa goshinta, don jan ɗigon da matan aure ke sawa ya ƙi zama. Ta sa da safe, kafin hantsi ya goge kamar an bi da rigar tsumma.

A gidajenmu, kafin kowa ya ci, uwar gida kan ɗora dunƙulen shinkafa da man shanu a kan katangar baya, ta kira hankaki. Rabon iyayen da suka rasu ke nan, hankaki ne ke karɓar musu. Ranar kwana na takwas Sornam ta ɗora, ta kira. Hankaki suka sauko, sun fi goma, suka jeru a katanga. Ba wanda ya kai baki. Duk suka juyo da kai wajen ƙofar kicin, inda Ulagu ke tsaye da asuwaki a hannu.

Ƙamshin shinkafar ya doke shi. Kwana takwas bai ji ƙamshin komai ba, sai wannan. Yawu ya cika masa baki. Bai san lokacin da ya tsallake tsakar gida ba, sai ganin kansa ya yi a jikin katanga yana cusa shinkafar da hannu biyu, man na bin haɓarsa. Hankakin suka matsa gefe suka ba shi wuri, ba kuka, ba fiffika. Sai da ya suɗe yatsu suka tashi gaba ɗaya.

Da ya waiwayo, Sornam na tsaye, ludayi ya faɗi a ƙafarta.

"Ka ji. Ranar nan ka tashi?"

"Na tashi mana."

"A gaban kyamara nake nufi. Dube ni. Ka yi dariyar?"

Ya sunkuyar da kai. Ta zauna daɓas a ƙasa ta kira sunan abin bautarsu, "Wayyo Muruga." Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Yatsu ta shiga ƙirgawa. Kowa ya san mamaci kan yi kwana goma sha biyar yana kewaya gidansa, ana ajiye masa abinci, ran na sha shida a yi masa rakiya a rufe ƙofa. Takwas sun tafi, saura takwas.

Suka tafi gidan waya suka nemi otal ɗin Uti. Da aka samu Rozario, Ulagu ya karɓi kan wayar ya yi ta magana, dattijon na ta cewa, "Alo? Wa ke nan? Ba na jin kowa." Sai da Sornam ta karɓa.

"Baba Rozario, ni ce matar Yaya Ulagu."

"Na san za ki kira, 'yata. Ya fara?"

"Ya ci abincin hankaka."

Ana jin ruwan sama na dukan kwano a can wajen Rozario. Ya ce kada su ɓata ƙafa neman wani mai kyamara. A zaren fim ɗin da mutum ya mutu a kai, a kansa zai tashi, kuma a wurin da ya kwanta. An riga an wanke wanda aka ɗauka, amma ragowar naɗin yana nan. Ranar da abin ya faru ya cire shi ya rufe a gwangwani ya sa a akwatinsa, ya hana kowa taɓawa. Bai kai na minti biyu ba.

"To ka taho da shi gobe, Baba."

"Kyamarar ba tawa ba ce, ta kamfani ce, kuma ruwa ya hana mu gama waƙa. Na roƙi yaron nan har na gaji. Sai Larabar makon gobe jirgin ƙasanmu zai iso da safe."

Sornam ta sake ƙirgawa a jikin bangon ɗakin waya. Laraba ce ta sha shida.

"Abu ɗaya," in ji Rozario. "Ya tanadi dariyarsa. Ta gaske, ba ta haƙori ba."

Wannan mako shi ne mafi tsawo a rayuwar Ulagu. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa kwaikwaya daidai a fim ba. Kullum ya farka sai ya tarar da manyan yatsun ƙafarsa a manne da juna, sai Sornam ta raba su da hannu ta murza da man kwakwa. Rigunansa duk suka ɗauki warin kafur da furanni ruwan ɗorawa, ko an wanke. Masu shirya fim da ke aiko masa da mota suka daina, ba don sun kore shi ba, sun dai manta ne.

Ran kwana na sha ɗaya maƙwabciyarsu ta shigo da kwanon shinkafa da miya a rufe, irin wanda ake kai wa gidan makoki inda ba a hura wuta. Ta ajiye ta rungume Sornam.

"Lafiya, Yaya? Wannan na mene ne?" in ji Sornam.

Matar ta dubi kwanon, ta dubi hannunta. "Ni ma ban sani ba. Na tashi ne kawai na ji ya kamata in kawo." Ulagu na zaune a kujerarsa, taku uku daga inda take tsaye, har ta fita ba ta gaishe shi ba.

Sornam ta ɗaura ɗamarar nemo masa dariyarsa. Mace mai kamun kai, wadda ko a biki ba a taɓa jin muryarta ba, ta kifa tukunya a ka ta yi masa tafiyar ɗan sanda. Ta kwaikwayi furodusa yana raba ladan aiki kamar ana cire masa haƙori. Ta yi tuntuɓen ƙarya ta faɗi a kan buhun shinkafa, ta gurɗe gwiwa da gaske. Ya dube ta, zuciyarsa kamar ta fashe don ƙauna da kunya, amma ko murmushi ya ƙi zuwa.

"Ba ki iya faɗuwa ba," in ji shi. "Da kafaɗa ake sauka."

"To tashi ka nuna mini, gwani."

"Sornam, na cuce ki. Don tafin minti ɗaya."

"Ba tafi ba ne, na san abin da ka nema. Ka same shi, ya isa. Yanzu ni nake nema, ka ba ni nawa."

Ranar Laraba suka riga kowa zuwa situdiyo. Keke mai ƙafa uku ya kai su, mai keken kuma kuɗin mutum ɗaya ya karɓa. An riga an rushe bukkar, sai tsamiyar da tabon turaku huɗu a ƙasa. Jirgi ya yi latti. Rana ta take tsaka kafin Rozario ya iso kai tsaye daga tasha, ido ja don rashin barci, da kyamara da gwangwaninsa a hammata. Ilamaran na biye da shi yana sosa gemu, da wasu masu fitila biyu.

"Ina Yaya Ulagun?" in ji Ilamaran.

"Ga shi a gabanka, Yallaɓai," in ji Sornam.

Yaron ya ƙifta ido, ya sake dubawa, fuskarsa ta sauya. Daga nan bai ƙara ambaton camfi ba.

Rozario ya sa hannu cikin baƙar jaka ya ɗura zaren, ya kafa kyamara a kan tabon ƙafafunta na wancan karon. Ya ce komai sai ya koma yadda yake. Aka shimfiɗa tabarma, aka samo furanni da kwandala. Saura ɗaurin yatsu. Masu fitila suka noƙe, Ilamaran ya kau da kai. Sornam ta yagi gefen farin hankicinta ta durƙusa.

"Kada ki ɗaure da ƙarfi," in ji Ulagu.

"Ɗaurin zare ɗaya zan yi. Ko atishawa ka yi zai kwance."

Ya kwanta. Tabarmar ta karɓe shi da wani irin daɗi da ya ba shi tsoro, kamar gadon da mutum ya daɗe yana marmari. Ya rufe ido.

"Minti ɗaya da rabi muke da shi," in ji Rozario. "Ba maimaici. Ina cewa tashi, ka tashi." Kyamara ta fara gurnani. "Tana tafiya. Tashi, Ulagu!"

Ya yunƙura, jikin ya ƙi. Kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Ya ji Sornam na cewa, "Ka ji, tashi mana, don Allah tashi." Ya tattara duk abin da ya rage masa, ya tuna yadda yake fitowa daga rijiya, da kafaɗa, da gwiwa, ya fizgo kansa. Sai ga shi zaune, sai ga shi tsaye, sakayau, ba nauyi, ba sanyi. Rabonsa da jin daɗin jikinsa haka tun yana saurayi.

Ya juya wajen kyamara don ya nemo dariyar, sai ya lura ba shi mutane ke kallo ba. Sornam, Ilamaran, masu fitila, duk idonsu na ƙasa. Ya bi kallonsu. Ga mutum nan kwance a tabarma, gajere, tumbi ya tasa furanni sama, kwandala ta zame ta toshe masa ido ɗaya, baki a ɗan buɗe wushirya a waje. Bai taɓa ganin gawa mai ban dariya irin wannan ba. Ashe abin da mutane ke gani ke nan duk shekarun nan. Ashe ba su da laifi.

Dariyar ta taso masa daga cibiya. Ta zo gaba ɗayanta, ta girgiza shi, ya riƙe ciki, ya nuna gawar da yatsa, ya dubi idon kyamara hawaye na zuba, har da shaƙuwar ƙarshe.

"Yawwa!" Rozario ya yi ihu, idonsa na dama a manne da kyamara. "Ya tashi! Ga ta nan, ita ce!"

"Baba Rozario," in ji Ilamaran a hankali, "wa ya tashi?"

Dattijon ya buɗe idonsa na hagu, wanda yake runtsewa in yana aiki, ya dubi tabarma. Ya rufe shi da sauri. Amma bai kashe kyamarar ba.

Sornam na durƙushe ta kwance ƙyallen, tana jijjiga kafaɗar da ba ta motsi. Ulagu ya kira ta, ba ta ji ba. Ya gane sarai abin da ya faru. A cikin zaren nan kaɗai ya tashi, kuma zaren saura kaɗan.

"'Yata," in ji Rozario, "bar wannan. Zo nan. Yi sauri."

"Ba ya numfashi, Baba!"

"Na sani. Zo ki sa idonki a nan, saura daƙiƙa arba'in. Ulagu, kada ka daina. Ga ta nan zuwa."

Ya janye kansa, ya kamo hannunta ya jawo ta, ya dafa ƙeyarta har idonta ya zauna a ramin kyamarar. Ta ja numfashi da ƙarfi.

Ulagu ya ga ta gan shi. Akwai maganganu cike da bakinsa, amma ya san kyamara ba ta ɗaukar murya, kuma abu ɗaya ya iya a duniya. Ya gyara tsayuwa, ya nuna mata kafaɗarsa, ya yi tuntuɓe da iska, ya sauka a kan kafaɗar tsaf yadda ake sauka, ya mirgina ya tashi yana kaɗe ƙura. Dariya ta ƙwace wa Sornam tare da kuka, ta riƙe ƙafar kyamara da hannu biyu. Ya sake faɗuwa, ya sake tashi, yana jin gurnanin zaren na ƙara sauri, yana yi mata dariya da duk ƙarfinsa.

Wutsiyar zaren ta fita, tana dukan cikin kyamarar fat, fat, fat. Masu fitila suka sauke rawunansu daga ka. Sornam ba ta ɗago idonta ba, Rozario kuma bai ce mata ta ɗago ba.